Birnin da Wuta Ba Ta Kwana

Da sunan Allah nake buɗe baki, Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya yalwata ta, ya ba kowace al'umma abin da za ta ci da abin da za ta yi gardama a kansa. Bayan haka, ni Cindo ɗan Barau, mutumin Tudun Kanya, zan ba da labarin abin da ya same ni a Birnin Raɓa. Karatuna bai yi nisa ba, don haka ba zan yi wa magana ado ba. Abin da na gani zan ce na gani, abin da aka gaya mini zan ce gaya mini aka yi.

Mahaifina ɗan koli ne. A kan tabarma ɗaya ya tsufa, yana sayar da allura da zare da kwalli. Ni kuwa tun tasowata tambaya ɗaya ce ke cina: me ke sa mutum guda ya girma a kasuwa har inuwarsa ta rufe kowa? Na tambayi fatake da yawa, kowa ya ba ni amsa daidai girman jakarsa. Daga ƙarshe wani tsohon falke mai ido ɗaya ya ce da ni, "Samari, in da idonka kake son gani, ka bi rana inda take faɗuwa har ka wuce iyakar sawun jakuna. Akwai birnin da mutum ɗaya ke riƙe da kasuwa duka, alhali bai taɓa zare takobi ba."

Na nemi albarkar iyayena, na ɗauki jaka da gora da ƙyastu, na kama hanya.

Abin mamaki na farko da na tarar shi ne dajin itatuwa masu ƙaura. Na sauka ƙarƙashin wata tsamiya da azahar, na rataye jakata a reshe, barci ya ɗauke ni. Da na farka sai na gan ni a tsakiyar rana, tsamiya kuwa ta yi gaba da jakata, tana jan saiwoyinta a hankali kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Na bi ta da gudu na kamo. Da na lura duk itatuwan yamma suka nufa neman ruwa, sai na haye tsamiyar na miƙe ƙafa. Ita ta kai ni har bakin wani babban kogi, ina cin 'ya'yanta a hanya.

A bakin kogin na sami mai kwalekwale. Muna tsakiyar ruwa na yaba masa kyan jirginsa.

"Ba nawa ba ne," in ji shi. "Na Magajin Kogo ne."

"To, Allah ya bar maka filafilinka."

"Shi ma nasa ne. Hannun dai nawa ne, zuwa yanzu."

Da muka haye na tara kirare zan gasa rogo. Na buga ƙyastu har yatsuna suka yi ja, ko tartsatsi bai fito ba. Mai kwalekwale ya yi dariya ya ce, "Baƙo, ka huta. A wannan gefen ƙarfe ba ya haifar wuta. Kuma duk yamma akwai raɓa mai nauyi da ke sauka, ta ratsa rufi da bango, ta kashe kowane murhu. Wuri ɗaya ne wuta ke kwana, kogon da ke kan tudun can."

Da hantsi na shiga birnin. Na ga mutane a jere tun daga ƙofar gari har kan tudu, maza da mata, kowa riƙe da kasko iri ɗaya, baƙi mai siririn baki. Masu hawa kaskonsu wayam, masu saukowa suna tafe suna hura garwashi. Na yi ta neman masauki, har wata dattijuwa da ke tsaye a ƙofar gidanta, hannuwanta duk yumɓu, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, in za ka iya cin abinci mai sanyi, shigo."

Sunanta Iya Tabawa, maginiyar tukwane ce. Tsakar gidanta cike yake da ɗanyun tukwane masu murfi, an jera su ƙarƙashin wata rumfa da ta yage. Ta kawo mini gumba da ruwa. Na ci na gode, sannan na tambaye ta dalilin da murhunta ba ko toka.

Ta zauna ta ce, "Tun da ka tambaya, saurara. Kakan Magajin nan mai gadin kogo ne kawai. Ka je da abin ɗibarka, ka ba shi ɗan gero, ya zuba maka garwashi. Wata shekara kaskon wani ya fashe a hanya, rumfuna suka ƙone. Sai gidan Kogo suka ce don lafiyar gari, ba za a ƙara zuba wuta ba sai a kaskonsu. Kowa ya ce gaskiya ne. To, kaskon nan bakinsa siriri, ba ya cin itace sai gawayi ƙanana, gawayin kuwa su ke yi. Masu saran itace suka wayi gari ba mai saye sai su. Daga nan aka ce maƙerin da ke son wuta da sassafe ya kai fartanyunsa rumfar Kogo, wanda ya ƙi ya jira la'asar. Manomi kuma ba ya samun fartanya sai ya yarda hatsinsa rumbun Kogo zai shiga. Haka abin ya yi ta tafiya, ɗana, kamar ruwa a ƙarƙashin tabarma."

"Ke fa, Iya?"

"Mu magina aka fara cinyewa. Duk sun koma gidan Kogo suna gina wannan kasko mai kama da ɓawon ƙwai, wanda ba ya wata guda bai tsage ba. Ni kaɗai na rage. Bana da suka ga na gina masu murfi irin na uwata, sai suka ce sunana ya fita daga layi." Ta nuna sama da haɓa. Gabas ta fara yin duhu. "Ka ga hadari ya soma leƙowa. In ruwan fari ya sauka ban toya su ba, za su koma laka. Ni kuma ba ni da ƙarfin wata shekara. Sai in hau tudu in ce a ba ni wurin zama cikin masu gina ɓawon ƙwai."

Muna cikin haka sai hayaƙi mai ƙamshin kifi ya taso daga bayan katanga, wata murya ta biyo shi.

"Tabawa! Na ji kin yi baƙo. Me kika ba shi, yumɓu da miya?"

"Yelwa, ki ji da warin kifinki. Ƙudajen gidanki ma sun fara ƙaura zuwa nawa."

"Sun ji labarin gidanki ne ya fi sanyi!"

Iya Tabawa ta yi tsaki. Ta ce wannan Yelwa ce mai bandar kifi, tun suna 'yan mata suke haka, kuma a cewarta ita ta riga Yelwa zuwa duniya da damina guda, ko da yake Yelwa ba ta taɓa yarda ba.

Na ce, "Iya, ai ga wuta nan bayan katangarki. A garinmu in murhu ya mutu, tsingaro ake ɗauka a shiga maƙwabta a ɗebo. Ba a ko godiya sosai."

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "A garinku ba ku da kunya ke nan. A nan wanda ya karɓi wuta daga murhun wani ya zama ɗan gidan, ƙarami a cikinsu. In tsararka ne ya zama yayanka, in babba ne ya zama ubanka, har mutuwa. Kai za ka fara gaisuwa, kai za ka durƙusa. Shi ya sa kowa ke hawa tudu, don kogo ba murhun kowa ba ne. Ni in ce wa Yelwa Yaya? Gara in ci gumba har haƙorana su zube."

Na zauna a gidan kwanaki ina taya ta aiki. Itace da gawayi sun fi ƙarfinta, don haka muka yi ta tara busasshen kashin shanu da kara da ciyawa a matoya, can bayan ɗakinta. Komai ya kammala sai wuta. Hadari kuwa kullum ƙara matsowa yake.

Sai na yi wata dabara a raina. Na ce ni baƙo ne, al'adarsu ba ta hau kaina ba. Wata safiya na ɗauki tsingaro na zaga na yi sallama a gidan Yelwa. Na same ta gajeriya, kakkaura, idanunta sun yi ja don hayaƙi. Na roƙi garwashi.

Ta ce, "Ka san abin da kake roƙo?"

"Na sani, Inna, amma ni ɗan wata ƙasa ne."

Ta zuba mini garwashi, ta jira har na riƙe da hannu biyu, sannan ta rangaɗa guɗa. "Jama'a, ku taya ni murna! Na haihu da tsufana, ga shi har da gemu! Wuta ba ta tambayar garin mutum, ɗana. Gobe da safe ina jiran gaisuwa."

Na fito kunya ta rufe ni. Tsakanin ƙofarta da ta Iya Tabawa ba nisa, amma ban kai ba barorin Magaji suka tare ni. Suka ce doka ta hana yawo da wuta a titi sai a kaskon Kogo. Ɗaya ya fizge tsingaron, ɗaya ya riƙe mini hannu, muka hau tudu.

Na zaci zan ga wani ƙato mai jan ido. Sai na tarar da mutum siriri mai fara'a, sanye da farar riga ba ado, zaune a zaure kusa da bakin kogo. Daga cikin kogon wani jan haske ke fitowa, da ƙara kamar numfashin babbar dabba. Baran ya ajiye tsingarona a gabansa. Safiyar da sanyi, sai Magaji ya miƙa tafukansa a kan garwashin yana jin ɗumi, ya sa aka ba ni tabarma.

Ya ce, "An ce daga nesa ka zo don sanin kasuwa. Tambayi abin da kake so."

"Ranka ya daɗe, wuta kaɗai ta ishe ka arziki. Me ya kai ka ga kasko da fartanya da kwalekwale?"

Ya yi murmushi. "Ban taɓa ƙwace kayan kowa ba. Kowa da ƙafarsa yake hawowa. Amma ka duba: mutumin da dole ya zo wurina kowace safiya, me zai sa in bar shi ya kai sauran bukatunsa wani wuri? Ba sai na fi maƙeri iya ƙira ba. Ya isa a ce in ban so ba, maƙerarsa ba za ta yi zafi ba."

"Amma fartanyun suna lanƙwashewa, ranka ya daɗe. Na gani a gonaki."

"Suna lanƙwashewa. Wa za su koma wa?" Ya faɗi haka ba da gatse ba, kamar mai ba da labarin yanayi.

"To, Iya Tabawa fa? Tsohuwa ɗaya ce."

Nan fara'arsa ta ragu. "Kai mai neman sani ne, zan gaya maka. Ba ribar tukunya ta dame ni ba. Kakana ya ce a da akwai tukunya mai kauri mai murfi, wadda in aka binne garwashi a toka a cikinta, wani lokaci yakan kai safe. Ban sani ba ko gaskiya ne, kuma ba na son a gwada. Kaskona ba shi da murfi, ba don na manta ba." Ya dube ni. "Da me take shirin toyi, tun da ba ta da itace?"

"Da kashin shanu, ranka ya daɗe."

"Kashin shanu," ya maimaita a hankali. Ya waiwayi wani bara. "A binciko mini su wa ke da garkuna a bayan gari."

Sannan ya yanke mini hukunci cikin ladabi: ko in zauna a gidansa in zama mai hura wuta, ko a haye da ni kogi kafin raɓa ta sauka. Na sunkuyar da kai ina tunani, idona ya faɗa kan hannuwansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni baƙo ne, ina neman a warware mini wani abu. Wutar nan daga murhun Inna Yelwa ta fito, ta ce na zama ɗanta. Baranka ya karɓe ta daga hannuna, ya shigo da ita gidanka, ga shi kana jin ɗuminta. To, ni yanzu mene ne naka? Ita kuma mai bandar kifi mece ce taka?"

Ya janye hannuwansa kamar kunama ta harbe shi. Can Magaji ya fashe da dariya har da hawaye.

"Ba wanda ya karɓi komai a hannunka," in ji shi. "Taya ka ɗauka aka yi, don tudun da tsawo. Ko ba haka ba?"

"Haka ne, ranka ya daɗe, in dai ni ma taya ni hawa aka yi, ba kamu ba."

"Ɗauki kayanka ka sauka. Muddin kana cikin birnin nan, bakinka ya yi nauyi. Amma ka gaya wa sabuwar uwarka, duk murhun da ya ciyar da matoyar Tabawa, kaskonsa ba zai ƙara cika a nan ba."

Na sauko ina lallaɓa garwashin, ina jin kaina gwani. Na ajiye shi gaban Iya Tabawa na ce ga wuta, daga hannuna za ta karɓa, ba daga hannun Yelwa ba. Ta ja da baya har ta kusa taka tukunya.

"Kai, ɗan nan, wa ya aike ka? Kai ɗan Yelwa ne yanzu. In na karɓa a hannunka, ƙarama nake a ƙarƙashinka. Da ƙanwa zan zama, kai kana so ka mai da ni jika!"

Daga bayan katanga muka ji Yelwa tana dariya har da tari. Garwashin ya mutu a tsingaro muna kallo.

Washegari na je gaida uwata kamar yadda ta umarta, na kuma isar mata da saƙon Magaji. Ta juya kifinta a kan wuta. Sannan ta ce, "Kifin nan da kake gani, rumfar Kogo kaɗai aka yarda in kai, su za su faɗi abin da ya dace da shi. Gishirin da nake sawa nasu ne. Na gaji, ɗana. In waccan mai taurin kan ta roƙa, zan ba ta. Amma sai ta faɗi kalmar da bakinta."

Na koma na gaya wa Iya Tabawa. Ta shiga rumfa tana shafa tukwanenta ɗaya bayan ɗaya. Iska ta taso mai ƙamshin ƙasa, gabas ta yi baƙi ƙirin, aka yi wata tsawa daga nesa. Wani ɗigo ya faɗo ta yagewar rumfa, ya sauka a kafaɗar wata tukunya, ya bar tabo. Ta sa yatsa ta taɓa wurin, yumɓun ya biyo yatsan.

Ta ɗauki tsingaro, ta nufi katanga, ta tsaya. Titi ne doka ta hana, katanga kuwa tasu ce su biyu.

"Yelwa."

"Wa ke kira? Kunnena ya yi nauyi kwanan nan."

Iya Tabawa ta rufe ido. Ta durƙusa a hankali, gwiwoyinta suna ƙara.

"Yaya. A taimaka mini da wuta."

Na jira guɗa, ban ji ba. Sai hannun Yelwa ya bayyana a kan katanga da ludayin ƙarfe cike da garwashi. Muryarta a ƙasa ta ce, "Tashi, Tabawa, ƙasa da sanyi. Yi maza, ruwan nan ba zai jira ba."

Mu uku muka yi toyin, don Yelwa ta bar kifinta ta zagayo. Muka jera tukwane a matoya, muka lulluɓe su da kashin shanu da kara, aka cinna. Hayaƙi ya tashi har mutanen tudu suka tsaya suna kallo. Hadarin ya yi ta kai da komo a kanmu, Allah ya riƙe shi har wuta ta ci ta lafa. Iya Tabawa ta jawo tukunya ɗaya da sanda, ta ƙwanƙwasa ta, ta yi ƙara siririya mai tsawo. Na gaya mata abin da kakan Magaji ya ce, sai kafin raɓa ta sauka ta zuba toka a ciki, ta binne garwashi, ta rufe, ta shafe bakin da yumɓu. Bayan haka ruwa ya kece.

Da safe Yelwa ta hau tudu don ta tabbatar da maganar Magaji, ta dawo da kasko wayam. Ta shigo gidanmu ta zauna a kan turmi, ba zolaya a bakinta. Iya Tabawa ta fasa yumɓun, ta ɗaga murfi, ta tona toka da kara. Ba komai sai baƙi. Ta ƙara tonawa, ta sunkuya ta hura. A can ƙasa wani abu kamar ƙwayar gero ya buɗe jan ido.

Ta ciyar da shi ciyawa har ya kama. Yelwa ta miƙo kaskonta da sauri. Iya Tabawa ta ɗebo garwashi, ta kai rabin hanya, sai ta tsaya. Na ga wani abu ya motsa a gefen bakinta.

"Daga murhun wa za ki karɓa?"

"Ke, Tabawa, kada ki fara. Wutata ce, jiya na ba ki."

"Taki raɓa ta kashe ta. Wannan a gidana ta kwana. Kunnena ya yi nauyi kwanan nan."

"Ni ce fa yayarki!"

"Ban musa ba. Durƙusa ki faɗa, Yaya."

Suka juyo gare ni wai in raba gardama, tun da ni ɗan ɗaya ne kuma baƙon ɗaya. Na ce karatuna bai kai nan ba. Tun kafa birnin ba a taɓa samun wutar da ta je ta dawo ba, don haka ba dattijon da ya san hukuncin.

Na zauna har ƙasa ta sha ruwa, sannan na yi sallama da su. Magaji yana nan a kan tudunsa, layi bai yanke ba, kuma na ji ya saye garkunan bayan gari. Amma safiyar da zan tafi na tarar da mata a ƙofar Iya Tabawa, kowacce ta ce gaisuwa ta kawo, kowacce kuma da tsingaro a ɓoye ƙarƙashin mayafi. A cikin gida tsofaffin nan biyu suna durƙushe suna fuskantar juna, garwashi a tsakaninsu, kowacce tana cewa, "Ina kwana, Yaya," da ƙarfi, don kada ɗayar ta riga ta tashi.

A nan na ɗauki jakata. Allah Shi ne masanin abin da ya biyo baya.